Malachy da Jirgin Taf

Yayana Malachy Dunican ya shekara ashirin da wani abu yana zuba wa jirgin ƙasa gawayi a ma'aikatar jiragen ƙasa ta Inchicore, kuma burinsa ɗaya ne tak: ya zama direba kafin ƙarfinsa ya ƙare. Mu 'yan ƙauyen yankin Offaly ne, a fadama muka tashi. Babanmu taf yake yanka, wannan baƙar ƙasar da ake shanyawa ta bushe a hura wuta da ita. Ni tun ina ƙarama na tsani warinta.

Da aka fara kawo jiragen dizal, sa'o'insa duk suka ruga koyo. A daidai lokacin ne manyan wurin suka ƙera wani kan jirgi mai cin taf, mummuna kamar akwatin gawa. Wani shugabansu ya dafa kafaɗar Malachy ya ce in abin ya yi kyau, shi ne direban farko. Shi ke nan aka gama da shi.

Na ce, "Yaya, ka manta lokacin yaƙi? Ba kai ne jiƙaƙƙen taf ya kashe wa wuta a daji ba, har fasinjoji suka sauka suna tsinto maka itace?"

Ya ce, "Wancan daban, Nuala. Wannan don taf ɗin ƙasarmu aka ƙera shi, shi zai ci, ba gawayin Ingila ba. Da Baba yana raye da ya yi kuka."

"Zai yi kuka kam, don ya haifi wawa."

Ni ke masa wanki, don bai yi aure ba. Tokar abin nan ja ce, mai maiƙo, tana shiga har cikin kunne. In ya dawo daga gwaji sai ya tofa yawu baƙi ƙirin a bakin ƙofata, ya zauna yana ba ni labarin yadda jirgin ya yi gudu a hanyar Cork, ko dankalinsa bai taɓa ba.

Aka yi gwajin, aka ɗauki hotuna, manya suka yi tafi suka watse. Aka tura jirgin bayan shagon gyara, tattabaru suka maishe shi masai. Da Malachy ya je neman koyon tuƙin dizal, sai aka ce ya tsufa da koyo. Aka ba shi tsintsiya.

Ran da za a kai jirgin wurin da ake yanka tsofaffin jirage, aka rasa mai riƙe birki, sai aka tuna da shi. Ya sa sabuwar riga, ya goge takalmi. Na bi shi na tsaya a kan gada, takaici kamar ya kashe ni. Ga shi nan a wurin direba, ƙirji a buɗe, hannu a kan ƙarfe, tukunyar wutar jirgin kuwa sanyi ƙalau. A gaba kan jirgin dizal ne ke jan su, kuma Cathal Rigney ke tuƙi, mutumin da Malachy ya koya wa riƙe shebur.

Ya hango ni, ya ɗago mini hannu. Ban ɗaga nawa ba.