Shukar da Ta Cafe Murna

Wata Asabar ce a ƙarshen watan Yuni, ina 'yar shekara tara, muna zaune a hawa na biyu na wani bene a Germantown, can ƙasar Turawa. Mama tana aikin jinya a asibiti, Baba ya tafi taron coci, gida daga ni sai Kaka, wadda ta zo daga Jos renon ƙanwata Murna mai wata takwas. A makon nan Kaka ta koya mini goyo, don a cewarta abin kunya ne a ce yarinya kamata ba ta iya ba. Ni kuwa da rawar kai, tana shiga wanka na saɓa Murna a baya. Na nemi majanyi ban gani ba, sai na ɗaure ta da gyalen cocin Mama mai santsi, na fito baranda don 'ya'yan maƙwabta su ga gwaninta.

A ƙarƙashin barandarmu akwai wata shuka mai duhun ganye da ake aske wa kai duk wata. Na sha ganin kurege ya suɓuto daga bishiya, ya baza ƙafafu da jela, ya faɗa cikinta, ya fito a guje. Ranar ma kuregen na leƙa in gani. Ina sunkuyawa a kan ƙarfen baranda na ji ƙullin ya warware, bayana ya yi sakayau.

Ban san yadda na sauka matakala ba. Abu biyu ne a raina: na kashe Murna, kuma hukuma za ta zo ta raba mu da Mama, kamar yadda ake tsorata mu. Na sami Murna kwance a tsakiyar shukar, rassan sun lotsa da ita kamar kwando, ƙananan na sama sun karye, manyan na ƙasa sun lanƙwashe sun riƙe ta. Ba ta motsi. Sai da na taɓa ƙafarta ta tsala kuka, kuma har yau ban ji abin da ya kai kukan nan daɗi ba.

Kaka ta fito da kumfa a wuya, ta bi jikinta gaɓa-gaɓa tana lallatsawa. A asibiti ma ƙwarzane kawai aka samu. Kaka ba ta dake ni ba. Cewa ta yi, "Je ki ba shukar nan ruwa, ta fi ki iya goyo." Haka na yi ta yi da kofin roba har sanyi ya shigo.

Bara na kai Murna, wadda yanzu ta fi ni tsawo, ta ga wurin. An tumɓuke shukar, an zuba kankare ana jera kekuna. Ita dariya take yi, tana cewa da Turanci ashe barandar ba ta da wani tsawo. Ni kankaren nake kallo, na damƙe hannunta har sai da ta ce ina ji mata ciwo.