Ƙwayar ƙiba da ƙurjin da ya fito mani a kai

Salamu alaikum. Masu tambayar ina na shiga tun damina, ga ni.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ma ƙawayena ba, sai Rabi da muka yi shi tare: na daɗe ina shan ƙwayar ƙiba, "sha ka fashe". A littattafan soyayya duk yarinyar da ake so cikakka ce, ni kuwa kamar karan gero. Ranar kasuwar Kona muke sayenta wurin mai tebur. Kumatuna suka ciko, har ina tsayawa gaban madubi.

Sai ciwon kai. Majo, babban ma'aikacin likitar garinmu, ya ba ni maganin masassara, bai sauka ba. Rannan ina surfe taɓarya ta suɓuce, hannun hagu ya ƙi ɗagawa, na faɗi ina fizga.

Aka kai ni likitar Tasawa, daga can aka tura mu Maraɗi. Baba ya sayar da san amalankenmu aka yi mani sikana, hoton cikin kai. Ƙurji ne a ƙwaƙwalwa, na wata ƙwayar cuta da ba ta cika kama mai ƙarfin jiki ba.

Dokta ta ce, "Wane magani kike sha?"

Baba na tsaye. Na ce babu.

Ta dubi kumatuna, ta ce, "Malam, ɗan ba mu wuri." Ta zauna bakin gado. "Ɗiyata, fuskarki ta riga ta faɗa mani. In kika bar ni ina lalube, ke za ki cutu."

Fuska cikin hijabi na faɗa mata. Ta ce ƙwayar kotizon ce, tana kwantar da garkuwar jiki, kuma kumburi take sawa, ba ƙiba ba.

Makonni ana ɗura mani allura ta jijiya. Tsorona kar in manta karatu. Inna ba ta iya boko ba, amma ita ke riƙe mani littafi. "Karanta mani, mu ji ko ya aure ta."

Alhamdulillahi, hannun ya dawo, saura ɗan nauyi. Allah ya saka ma iyayena da dokta.

'Yan uwa, in kina sha, kar ki yanke rana ɗaya, shi ma haɗari ne. Je likita a rage maki sannu. Ciwon kan da ya ƙi ji, da amai ko mutuwar hannu, kar a jira.

Jiya Rabi ta zo gaishe ni. Ta ce, "Ke, kin zube! In samo maki?" Na yi dariya kawai, kunya ta hana ni magana.

Ba ta da waya. Yanzu zan sa hijabi in kai mata tawa ta karanta wannan rubutun.