Tumatirin Bakin Kogi

Ɗazu ina fasa gwangwanin tumatir a ɗan ɗakinmu na unguwar Bani Malik, ƙamshin ya tsayar da ni da wuƙa a hannu. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba. Umra na zo ban koma ba, ba ni da iƙama, wato takardar zama, ga 'yata a nan Jidda aka haife ta. Duk ranar da aka kama mu aka mayar da mu gida, ban san garin da zan kai ta ba, domin namu babu shi.

A bakin kogi yake. Injin casar shinkafa ta gabas, kamfanin tumatirin gwangwani ta yamma, gidajenmu a tsakiya. Jiniyar kamfani ce agogonmu. Babana a injin yake aiki, yakan dawo fari fat da dusa har gashin ido, kakata ta ce, "Kakkaɓe a waje, kada ka shigo mini kamar fatalwa." Innata kuwa tana cikin matan da ke tsince ruɓaɓɓen tumatir. Tsamin hannunta ko sabulu ba ya fitar da shi, kuma ni a lokacin na ɗauka haka kowace uwa take ƙamshi.

Da rani, idan motoci suka fara sauke kwanduna, kwatar kamfani takan zubo ɓawo da 'ya'yan tumatir cikin kogi. Ruwan ya yi ja, kifi ya taru, shamuwa da balbela su sauka. 'Ya'yan su maƙale a laka, sai ka ga tumatir ya tsiro a gaɓa tun daga mashaya har makwanar jiragen ruwa, ba wanda ya shuka. Tsofaffi suka yi masa doka: ba a sayarwa, ba a tsinkar abin da ya wuce miyar yini.

Wata baƙuwa da aka auro daga nesa ba ta sani ba, ta cika kwando za ta kasuwa. Ina riƙe da zanin kakata lokacin da ta tare ta.

"'Yar nan, gonar ubanki ce ko ta mijinki?"

"Ai ba ta kowa ba ce, Iya."

"To shi ya sa. Abin da ba na kowa ba, na wanda zai zo bayanki ne."

Matar ta bi gida-gida tana rabarwa, tana dariyar kunya. Ranar unguwa duka miya ɗaya aka ci.

Daga baya jiniya ta yi shiru. Aka ce gyara ake yi, muka yi ta jira. Injin ma ya tsaya, maza suka watse neman aiki, gidaje suka zama kango. Wata damina kogi ya cinye ragowar, har da makabartar da kakata take kwance. Bara kawuna ya turo mini hoto a waya: bututun hayaƙin kamfani kaɗai ke tsaye cikin ciyawa. Na daɗe ina neman inda ƙofarmu take, ban gane ba.

Makon jiya 'yan sanda suka tafi da maƙwabciyarmu da 'ya'yanta. Tun daga ranar, ko mota ta tsaya a layi sai in tashi in leƙa. 'Yata ta lura. Tana jin Hausa, amma bakinta ya fi saurin Larabci.

"Ummi, idan aka ɗauke mu, ina ne baitinmu?"

Na so in ce mata akwai gida da tsakar gida da 'yan uwa. Amma sai na ce, "Akwai kogi." Shi kaɗai na tabbata yana nan.

"Kamar bahar?"

"A'a. Wannan tafiya yake yi, kuma ana sha."

Ta yamutsa fuska. Ruwan da ta sani mai yawa na teku ne, mai gishiri, na sha kuwa a jarka ake saye.

"Ba a biya?"

"Ba a biya."

"Halas, shi ke nan," in ji ta, "sai mu je can." Ta koma wasanta hankali kwance, ta bar ni ina tunanin yadda ake sauka a gaban ruwa da yarinya a hannu a ce mata mun iso.