Likkafanin tsohuwar Bukoki

"Ɗiyata, nan ne ake karɓar na mutanen girgizar ƙasa?"

Wata tsohuwa ce daga unguwar Bukoki, tana tsaye a ƙofar bironmu, ofishin karɓar taimako, da ƙullin leda a hammata. Shekarar fari ce, sojoji na kan mulki, tiyar hatsi ta fi ƙarfin kowa. Duk da haka muna tara taimako don wata ƙasa mai nisa, inda gine-gine suka rufta kan mutane. Manyan gari kam sun yi ƙoƙari, sun kawo mana jawabi da masu ɗaukar hoto.

Ta kwance ledar. Farin yadi ne a ninke, yana ƙamshin turare.

"Likkafanina ne, daga Makka na zo da shi. Na ji a rediyo ana binne su ba sutura."

Na duba takardata, kamar yadda aka koya mini. "Inna, bargo da magani aka ce. Wannan ba ya ciki."

"To rubuta shi mana. Ba ke ce da alƙalami ba?"

"Ke fa, in ranarki ta zo?"

Ta dube ni kamar karatuna ya tashi a banza. "Ni ina da maƙwabta. Su har maƙwabtan nasu na ƙarƙashin gini."

Na rubuta shi a ƙasan takarda, inda ba layi. Na sa shi a kwali, na ja ƙofar biro na rufe, na raka ta har bakin titi.

Ku da kuka fi ni sani, a wane layi ake rubuta irin wannan?