Telan da Aka Raba da Reza

Tun yana yaro ake ce masa Ƙwai, don mahaifiyarsa ta hana shi ƙwallo, ta hana shi hawa keke, ko aski za a yi masa sai tana tsaye a kan wanzami. Jininsa ba ya daskarewa. Ɗan ƙwarzanen da wani zai lashe ya wuce, shi sai ya kwantar da shi a asibiti. Kawunsa ma da wannan ciwon ya tafi. Duk da haka, don taurin kai, Ƙwai ya zaɓi ɗinki, sana'ar da ba ta rabuwa da kaifi.

Da asibiti ya sa shi cikin masu karɓar wata allura mai tsayar da jini, sai ya koma mutum kamar kowa. Ya yi aure, ya buɗe shago a ƙofar gida, har yana yanke farce yana hira.

Wata safiya ya je karɓa, nas ɗin da ta saba tsokanarsa ba ta tsokane shi ba. Ta buɗe firji ta nuna masa, ba komai ciki sai gorar ruwanta.

"Malam, masu kawowa sun daina. An rufe shirin."

"Sai yaushe?"

"Wallahi ban sani ba. Ka dai kiyaye."

Matarsa ba ta yi kuka ba, aiki ta kama. Ta naɗe kusurwoyin tebur da tsumma, ta zare ƙusoshin bango. Almakashi ya koma hannunta, ita ke yanka, shi ke ɗinki. Rezar da yake katse zare da ita kuwa ta zubar.

"Haba maman yara, sai ka ce jariri?"

"Jariri ya fi ka jin magana."

Sun yi dariya, amma tsoro ya riga ya tare a gidan. Kullum da safe yana ganinta tana duba matashin kansa, tana yi kamar gyara shi take.

Rannan wata mata ta zo karɓar riga, tana ta azalzala. Saura maɓalli ɗaya, matar gida kuma ta shiga ciki da almakashin a hannu. Ƙwai ya laluba gefen keken ɗinki, ba reza. Sai ya yi abin da kowane tela ke yi ba tare da tunani ba: ya kai zaren baki ya ja. Zaren nailan ne. Ya zame tsakanin haƙora, ya tsaga dasashi.

Ya ji gishiri-gishiri a harshe. Ya miƙa rigar, ya amsa godiya da kai. Ya haɗiye, bakin ya sake cika.

Matarsa ta leƙo. "Malam, a kawo abinci nan?"

Ya dube ta, leɓɓansa a damƙe. Ya san da ya buɗe baki za ta gani, za ta kuma tuna cewa hannunta ne ya zubar da rezar.

"Malam, magana nake yi."

Ya sake haɗiyewa.