Gidan Wankan Kawu Sale a Mansur

Kano zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar Fagge, 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu. Inna ta riƙe hannuna a zaure ta ce, "Ka dawo min da Yaya Sale, in gan shi kafin ƙasa ta rufe idona." Na ce to, da bakin wanda bai san nisan hanya ba. Shekarar Kawu ashirin da shida a Makka, ko wasiƙa ya daina aikowa.

Lori ta kai mu Maiduguri, daga nan Lami ta ƙasar Cadi, muka ratsa Sudan, muka hau jirgin ruwa a Suwakin. Wata biyu da kwana tara, ba abin da na tsinta sai rana da gudawa.

Jidda zuwa Makka

Ƙarfe biyar na asuba muka tashi, mil arba'in da biyar. A shingen da wanda ba Musulmi ba ba ya wucewa, askar, sojan da ke gadi, ya duba takarduna ya ce, "Yalla, wuce." Da hantsi muka shiga Mansur, unguwar mutanenmu a Makka. Na sauka gidan Hajiya Rabi mai tuwo, haifaffiyar Makka, ta ba ni ful, dafaffen wakensu, da gurasa.

"Sale magini kake nema? Yana cikin raminsa. Miskin, mun faɗa har mun gaji."

Mansur

Na same shi ya tsufa, ya rame, amma bakin yana nan. "Ɗan Hauwa! Tela ne kai ko? Shi ya sa ba ƙwanji."

Ya fito da wata takarda da ta sha ninki. Yana saurayi, a Garwa ta ƙasar Kamaru, ya yi wa wani Bajamushe mai zanen gine-gine aiki. Mutumin daga wani gari yake inda ruwan magani ke ɓuɓɓugowa da zafinsa. Shi ya gina musu gidajen wanka da masaukan marasa lafiya, kafin tari ya cinye shi a Garwa. Zanen gidan wankansa na farko ya bar wa Kawu: ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, matakala goma sha biyu, rufi kamar an kife ƙwarya.

"Shi ba zai wuce shinge ba," in ji Kawu, "amma zanensa ya wuce. Alhazanmu za su yi wanka cikin sutura."

Shekara bakwai yana ginin shi kaɗai, da dutsen da yake ɗaukowa a ka. Na sauka na gani. Gaskiya ya yi kyau, har na ji haushin kyansa, don na san shi ne ya riƙe mana mutum.

"Kawu, Inna na jira."

"Saura shafe. Kwana uku."

Hajiya Rabi ta leƙo daga sama, ta kira shi baffa da Larabci. "Ya Ammi, nan bakin kwari ne. Sel ba ya sallama."

Sel shi ne ambaliyar Makka. Kawu ya ce tun yana yaro yake gini, bai taɓa barin ruwa ya ritsa shi ba. Magini gabas yake dubawa.

Rana ta uku

Bayan azahar Kawu ya fito, ya kalli gabas. Garau, ko ɗigon hadari babu. Ni ma na kalla, na ce, "Ba komai, Kawu." Ya koma ciki. Wannan maganar tawa ita ke hana ni sakewa har yau. A gida ruwa kan aiko hadari da iska tukuna. A Makka kan duwatsu yake zuba, can inda ido ba ya kaiwa, ya gangaro maka rana na tsaka.

Ƙarfe uku da kwata, ina shan shayi, na ji ruri da ihun "Sel! Sel!" Kafin in kai, jan ruwa ya cike matakala goma sha biyun nan. Na kira har muryata ta dushe.

Washegari muka fito da shi. Ginin ko tsagewa bai yi ba. Aka yi masa salla a Harami, muka kai shi makwancinsa.

Komawa

Na tsaya na sauke farali, sannan na biyo hanyar da na zo. Ranar wata Laraba da la'asar na shiga Fagge. Na gode wa Allah da ya dawo da ni, na gode wa Hajiya Rabi da ta ba da likkafani.

Inna ta fito, ba ta kalle ni ba, bayana take leƙawa. Na miƙa mata takardar zanen da Kawu ya bari. Ta buɗe, ta juya ta sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ne ya fi ni?"