Fito Uku na Ilu Kaset

Shekara ashirin ke nan cif da muka binne Ilu Kaset, kuma ranar Asabar ɗin da ta wuce ya kira ni. Da kunnena na ji. Na san abin da za ku ce, musamman ku 'yan Suleja da kuka laƙaba mini Sale Gishiri. E, ni ne na ce na taɓa kai fasinja goma sha takwas da akuya Abuja cikin minti tara. Ni ne na ce na ga kada a kwatar bayan kasuwa yana cin rake. To, wannan karon ku yarda ko ku bari, amma ku daure ku kai ƙarshe. Wannan ne labari ɗaya tak a rayuwata da ban ƙara wa gishiri ba. Rage masa ma na yi ta yi.

Ga waɗanda ba su riske shi ba, Ilu mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, ni kuma direban bas. Tare muka tashi a unguwar Hashimi, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Siriri ne, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Yana da asma tun yana yaro, kullum da ɗan shuɗin abin shaƙarsa a tare da shi. Yana kuma da wata cutar da ta fi asmar ƙarfi, wato kiɗa. Duk inda aka buga ganga tsakanin Gawu da Sabon Wuse za ka gan shi da rakodarsa mai cin batur shida, ya ɗaga ta sama da kai kamar mai tallar goro. Kafin ya fara ɗauka sai ya kara baki ya ce, "Gwaji, gwaji, Ilu ne ke magana daga filin daga." Abin da ya sa ake ce masa Kaset ke nan.

Babbar sallarsa kuwa ita ce wasan damina, wanda ake yi duk shekara lokacin dogon hutun makaranta a wani fili kan hanyar Gawu. Yanzu filin gidaje ne, har da gidan mai. A lokacin ba ƙofa, ba tikiti. Tun hantsi ake farawa, kiran magariba ke tashin taro. Masu kalangu su yi, mai gurmi ya karɓa, 'yan Gbagyi su shigo da gangunan da kake jin su a haƙarƙari, Fulani da sarewa, 'yan kudu da jitarsu. Mutum miliyan uku ke zuwa. To, ku cire gishiri, amma dai in ka saki hannun ɗan'uwanka sai gobe. Lasifika biyu ce kacal, an ɗaure su a jikin itace, ga janareto a bayan ta hagun yana tusar baƙin hayaƙi.

Da yake waya ba ta gama gari ba, kowane abokai na da alamarsu. Tamu fito ce. Ilu na da wani irin fito, yatsu biyu a baki, da yake ratsa ganga goma. Ɗaya, ina kake. Biyu, zo ka ga wani abu. Uku dogaye, yar da duk abin da ke hannunka ka rugo, maganar rai ce. Muka yi rantsuwa ba za a yi wasa da uku ba. Rantsuwar ta yi sati biyu. Ni na fara karya ta, na yi masa uku yana tsakiyar aski ya fito da rabin kai, na ce ashana nake nema. Ya rama ina banɗaki da kumfa a ido. Daga nan uku ta zama abin dariyar unguwa.

Asabar ɗin da nake faɗa muku, wasu samari suka ɗauki shatar motata zuwa wani gagarumin bikin mawaƙa a can wajen Abuja. Ɗayansu ya fasa zuwa, suka ce, "Baba Sale, ga tikiti ya yi ragowa, shigo ka ga duniya." Ni da rabona da taron kiɗa tun ranar Ilu. Na ce bari in leƙa.

Jama'a, an canja abin. Tikitin ma a cikin waya yake. Wasu ƙatti masu wuya kamar turmi suka lalube ni har cikin hula, suka ɗaura mini wata roba a hannu kamar jaririn asibiti. Kalar robarka ita ke faɗin inda za ka tsaya. Mu masu kore can baya, masu ruwan zinariya a gaba kan kujeru da laima. A filin Gawu ni na taɓa taka ƙafar kansila, shi ya ba ni haƙuri. Ganga kuwa ko ɗaya ban gani ba. Wani yaro ne da na'ura a kan tebur yana danne-danne, mawaƙi ya fito ya yi ta tsalle, muryarsa na fita ko da bakinsa a rufe yake.

Na tsaya ina tunanin me Ilu zai ce. Na san da farko zai yi zagi. Zai ce wannan ba kiɗa ba ne, gyaran rediyo ne a bainar jama'a, kuma shi ya fi su iyawa. Amma da mawaƙin nan ya fito sai duk filin ya ɗaga waya sama da kai. Dubban hannuwa, kowa na ɗauka. Tsayuwar Ilu ce sak. Abin da muka yi shekaru muna masa dariya a kai, yau kowa Ilu ne. Bambancin kawai shi in ya koma gida yana saurare. Sai ya kwanta da kaset ɗaya wata guda, ya gaya maka daidai inda mai kalangu ya yi tuntuɓe. Waɗannan ban ga alamar suna jin abin da suke ɗauka ba.

Sai na waiga hagu. Gefen lasifikokin, waɗanda aka jera kamar bene, ga wata farar rumfa, ga motar asibiti a tsaye da ƙofa a buɗe, ga ma'aikatan jinya biyu zaune kusa da tukunyar iskar numfashi suna hira. Na yi ta zagin zamani tun daga ƙofa, a nan na daina. Da a ce akwai irin wannan rumfa a filin Gawu, da yau Ilu na nan da furfura yana damun mutane.

Ga abin da ya faru ran nan, yadda ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Da hantsin ranar ma sai da Ilu ya yi mini uku. Na ture mutane na isa ina haki, na tarar da shi yana nuna mini wani mai gasa masara wai ya yi kama da kawuna. Bayan la'asar, mai gurmin da yake mutuwar so ya hau. Ilu ya ce hannunsa ya gaji, kuma na fi shi tsawo. Ya rataya mini jakarsa, ya danna jan maɓalli, ya ɗora mini rakoda a ka, ya ce zai zagaya ta gindin lasifikar hagu ya ji yadda sautin ke fita. Can inda janareto yake. Hadari ya haɗo, iska ta juya, ta kwaso hayaƙin nan ta zuba wa mutanen wajen, ga turereniya kowa na neman mafaka.

Na ji fito. Uku, dogaye. Emeka mai sayar da batur, maƙwabcin rumfar Ilu, yana gefena. Ya taɓa ni ya ce, "Sale, aboki naka yana kira fa."

Na ce, "Ƙyale shi, shegantaka ce."

Aka sake yi. Na ukun bai ma kai ƙarshe ba, ya yanke. Emeka ya ce, "Wannan ba kamar wasa ba ne o."

Na yi dariya na ce, "In mutuwa ce ya mutu, zan zo jana'iza."

Abin shaƙarsa yana cikin jakar da ke kafaɗata. Tsakanina da shi bai fi tafiyar minti biyu ba. Sai da waƙar ta ƙare na taka a hankali ina shirya baƙar maganar da zan gaya masa. Na tarar an kewaye shi ana masa fifita da kwali. A motata muka ɗauke shi. Bai kai asibiti ba.

Na gaya wa kowa ƙarar lasifika ta hana ni jin komai. Emeka bai tona ni ba, shekarar da ta biyo ma ya koma garinsu. Bayan sadakar uku na kai wa mahaifiyar Ilu, Inna Talatu mai masa, jakar ɗanta da rakodar yadda take. Abu ɗaya na zare, abin shaƙar nan, don kada a tambaye ni me yake yi a wajena. Na canja mota uku tun daga lokacin, yana bina daga aljihun wannan zuwa na waccan.

Inna kuwa ta mayar da ni ɗa. Ilu ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba ko yana raye, "abokinka" take cewa. Ni ke kai ta asibiti, ni ke gyara mata rufi in damina ta zo. Ita ta je nema mini aure. Duk safiyar Juma'a masata na nan a rufe cikin kwano, ko na zo ko ban zo ba. Uwata ta rasu da daɗewa, Inna ce ta rage mini. Shi ya sa duk shekara in na ɗaura niyyar faɗa mata, sai in kalli kwanon nan in haɗiye.

To, ina tsaye a wancan fili na Abuja, rana ba ta faɗi ba, ido na kan motar asibitin, sai na ji shi. Uku, dogaye, daga hagu. Na ukun ya yanke a tsakiya. Kada wani ya ce mini na'urar yaron nan ce, na san fiton da na tashi da shi. Ban san lokacin da na tsallake shingen masu ruwan zinariya ba, ni da gwiwa ke ciwo. Na ture wani mai babbar riga, ƙattin nan suka biyo ni, na isa gindin lasifikar ina ihun sunansa. Ba kowa sai wayoyin lantarki a ƙasa. Ɗaya daga cikin ma'aikatan jinyar ta kama hannuna ta ce, "Baba, numfashi ne? Zauna mu sa maka iska." Ni aka sa wa iskar. Ni.

Me ya rage na Ilu yau? Rumfarsa ta zama shagon cajin waya. Makaɗan da ya bi yawancinsu sun mutu, kuma ina jin muryar wasunsu ba ta rage ko'ina a duniya ba sai cikin kwalin kaset ɗin da ke ƙarƙashin gadon Inna. Wasan damina ya tafi, wanda ya gaje shi ya fi shi tsafta da tsaro, bai kai shi daɗi ba, kuma ba mai bukatar fito tunda kowa da waya. Sai fiton ya rage a kunnen mutum ɗaya, wanda aka yi dominsa.

Washegari na ciro abin shaƙar daga mota na nufi Hashimi. Na sami Inna a tsakar gida tana wanke tanda. Na durƙusa na ajiye shi gabanta, na faɗa mata komai, tun daga mai gasa masara har maganar jana'iza. Ba ta ɗago ba. Da na gama ta ɗauraye hannu, ta shiga ɗaki, ta fito da rakodar, an goge ta tas, da sababbin batura. Ta danna. Muryarsa ta fito, "Gwaji, gwaji, Ilu ne ke magana daga filin daga." Ta tura gaba ba tare da ta duba ba, kamar mai bin hanyar ɗakinta, ta saki daidai wurin. Gurmi na tashi. Can nesa, fito uku. Sai muryar Emeka. Sai dariyata, tangaram, don a kaina rakodar take. Shekara ashirin ban taɓa tuna jan maɓallin nan a danne yake ba.

Na ce, "Inna, ashe kin sani? Kika yi ta ba ni masa?"

Ta ce, "Abokinka ne ya saba cewa a ajiye maka. Ban iya fasawa ba."

Na kifa kai a ƙasa na ce, "Inna, don Allah ki yafe mini. Ki ce wani abu."

Ta kashe rakodar, ta rufe ta da gefen zaninta, sannan ta dube ni.

"Ka ce za ka zo jana'iza, ka kuwa zo, na gan ka har da kuka. Yanzu kai ma ka yi kira ke nan, Sale. Sai ka tsaya nan ka ji yadda ake ji in ba a amsa ba."